Goron Sallah da Littafi: Amsar Gwaggo daga Makka

Assalamu alaikum ɗana. Saƙonka ya iso, na kuma ji daɗi da ka tuna da gwaggonka tun azumi bai kama ba. Ya Riyad, ya maiɗakinka, ya angwayena da kishiyoyina? Ka faɗa wa babbar cikinsu ina nan daram, ban bar mata mijin ba.

Ka ce kana so ka daina ba yara kuɗin barka da Sallah ka koma saya musu littattafai, tunda kuɗin a alewa da wasan waya suke ƙarewa, kana tambaya ko al'ada ta yarda. Ka kuma nemi in faɗa maka littafin da ya dace da kowane lokaci.

Ta farkon dai, kada ka fara. Ni na riga ka gwadawa. Wata ƙaramar Sallah na sayi littafi mai hotuna na miƙa wa wani jikana, lokacin bai fi shekara shida ba. Ya karɓa da hannu biyu kamar yadda aka koya masa, ya kama bangon ya kakkaɓe, da ya ga ba abin da ya faɗo sai ya ajiye min shi a kan darduma ya nufi gidan maƙwabta. Ban ga laifinsa ba. Goron Sallah, wanda 'ya'yanku ke ce wa idiyya, shi ke sa yaro ya saka sabon kaya ya taka har gidan dangi, ya durƙusa ya yi gaisuwa, da yamma ya zauna da tsaransa a ƙirga a ga wa ya fi samu. Muna yara a Kano kwabo ne da sisi, a nan sabbin riyal biyar-biyar ne. Da wannan yawon muka san gidan kowace inna da kowane kawu. Tun daga ranar, in zan ba da littafi sai na cusa kuɗin a tsakanin shafukansa. Kai ma yi haka, ka huta.

Ranar Sallah ma ai ba wanda ke zama karatu. Littafi kafin lokacin ake ba da shi, yaro ya shiga watan yana da labarin a kansa.

Azumi ya fi kowane lokaci daɗin wannan, don a ƙasar nan yara ba sa barci sai an yi sahur. Mu a gida daga goma ga wata ake fara tashe, yara su bi gida-gida da wasa da waƙa ana ba su hatsi ko 'yan kuɗi. Irinsa ne wanda mutanen Ahsa da Ƙaɗif, can gabashin Saudiyya, ke yi a tsakiyar watan, suna kiransa gargi'an. Naka ba su ga ko ɗaya ba. To ka nemo musu Tatsuniyoyi da Wasanni na Ibrahim Yaro Yahaya, bayan an sauko daga asham, kowa ya biya karatunsa na Alƙur'ani, ka tara su ka ce "ga ta nan ga ta nanku", ka koya musu su amsa "ta zo mu ji ta". Na san akwai masu cewa watan Alƙur'ani bai kamata a kawo Gizo da Ƙoƙi ba. Ni dai na ga abin da yaran ke kallo a waya a wannan sa'ar, Gizo ya fi min shi sau dubu. Amma da dare fa, mu mun tashi ba a yin tatsuniya da rana.

Sai dai ga inda gizo ke saƙar. Yaranka da Larabci suke karatu, baƙaƙen boko kuwa a darasin Turanci suka san su. In ka miƙa musu littafin Hausa su kaɗai, za su iske ƙ da ɗ da ɓ su tsaya cak, su ja kalmar kamar Bature na kiran sunan unguwa. Kai ne za ka karanta da bakinka, suna kallon shafin. Kada ka bar wa uwarsu ita kaɗai, ta wuni a kicin. Na ga gidaje da yawa a unguwannin Shari'a Mansur da Hindawiyya nan Makka, sunan Hausawi na nan a takardunsu, amma jika ba ya iya gaida kakarsa sai da Larabci. Ba a rana ɗaya hakan ta faru ba.

Manyan, waɗanda suka kai shekara goma, su ne na Magana Jari Ce na Abubakar Imam, wanda littafin farkonsa ya fito a 1937. Aku ne ke jan ɗan sarki da labari bayan labari don kada ya fita, shi ya sa ya dace da dare-dare, ɗaya yau ɗaya gobe. Ka riƙa duba labarin kai kaɗai tukuna, akwai waɗanda suka fi ƙarfin ƙanana. Kuma ka shirya, za su tsare ka da tambayar mene ne waziri, mene ne dogari.

Goman farko na Zulhajji kuwa na Annabi Ibrahim ne, alaihis salam. Nan ba sai ka wahala ba, Ƙasasun Nabiyyin na Abul Hasan Nadawi, malamin Indiya, yana nan a shagunan littattafai. Don ɗan ɗan'uwansa ya rubuta shi, da Larabci mai sauƙi, kuma da labarin Annabi Ibrahim da gumaka ya fara. Wannan su za su karanta maka, sa'an nan ka ce su maimaita da Hausa. Za ka sha dariya, amma ka danne, in ka yi musu dariya sau ɗaya sun rufe baki ke nan. Yaron da ya san labarin Annabi Isma'ila ba ya tsayawa kallon ragon layya kamar nama kawai.

Lokacin aikin Hajji ba za ku samu shigowa Makka ba sai da tasrihi, wato takardar izini, don haka ku bari sai Muharram. Ku zo mu yi cika-ciki, ina ajiye wutsiyar ragona har yau kamar yadda ake yi a gida. Labarin Hijira a nan za a karanta shi, a nuna musu Dutsen Saura da idonsu, su yi sa'ayi tsakanin Safa da Marwa sun riga sun san wace ce Nana Hajara. Rabi'ul Awwal kuma kowane ƙaramin littafin sira mai wasali ya isa. A nan ba a ba da hutu, amma a gida watan Ishiriniya ne, in kun zo zan rera musu abin da ya rage a kaina. Na bukukuwan ƙasar Saudiyya, 23 ga Satumba da 22 ga Fabrairu, bar wa makaranta, suna yi har ya ishe su.

Na Hausar ba za ka same su a shagunan littattafai na Jarir ba. Ka roƙi wani cikin 'yan'uwa masu zuwa Umara daga Kano ko Zariya ya sako maka a jaka. In sun makara, nawa Magana Jari Ce na nan, bangon baya ya cire, wani angon nawa ya yi masa zane da biro a shafi biyu. Aro ne, a dawo min da shi.

A gaida maiɗakinka da kyau. Allah ya kai mu watan lafiya.