Jemage da Tsuntsun Ibadan: Wanne Ya Fi Kusa da Ƙarewa?

Tambaya: Malam, ni malamar firamare ce a Azare. Ɗalibaina sun yi gardama cewa jemage tsuntsu ne tunda yana tashi, sannan wani ya ce ya ji akwai tsuntsun da babu shi ko'ina a duniya sai a yankin Ibadan. Shin dangi ɗaya suke, kuma wanne ya fi fuskantar barazana?

Amsa: Malama, ba danginsu ɗaya ba, fiffike ne kawai ya haɗa su. Jemage haihuwa yake yi, yana shayarwa, gashi gare shi irin na dabbobi, kuma idan yaranki suka duba fiffikensa da kyau za su ga yatsu ne dogaye da siririyar fata ta lulluɓe. Saboda haka masana suka sa shi cikin dabbobi masu shayarwa, kuma ire-irensa sun haura 1,400.

Tsuntsun kuwa shi ne Malimbe na Ibadan, wanda aka fara bayyana shi a kimiyyance a 1958. Yana cikin babban rukunin tsuntsaye masu waƙa, ɗan'uwan kabarai ne, waɗannan masu saƙa sheƙa da ke yi mana ɓarna a gonar gero. Namijin baƙi ne, mai jan kai da jan ƙirji, kuma a kudu maso yammacin Nijeriya kaɗai ake samunsa. Sare dazuzzuka domin noma da gine-gine ya rage masa mazauni, har ƙungiyar IUCN mai kula da jerin halittun da ke cikin haɗari ta sa shi a sahun masu fuskantar ƙarewa.

Idan muka ɗauki babban jemagen nan mai cin 'ya'yan itatuwa, mai launin kara, wanda ke rataye kai ƙasa a manyan bishiyoyi, matsayinsa a jerin IUCN ya fi na tsuntsun sauƙi da mataki biyu, wato yana dab da shiga barazana. Tsuntsun ne ya fi shiga uku. Sai dai a ganina yawan jemagen yana ruɗin ido, domin ko da yake miliyoyinsu suna taruwa a dajin Kasanka na Zambiya a ƙarshen kowace shekara, macen ɗa guda take haifa a shekara, ga mafarauta, ga masu sare bishiyoyin da suke kwana. Garken da aka karkashe yakan daɗe bai farfaɗo ba, kuma da raguwarsa ake rasa mai watsa irin itatuwa zuwa nesa cikin dare.