Canza kwano a ƙarƙashin wayar tarho

Malam, kan tambayarka ko kafinta zai iya hawa ya canza kwano alhali wayar tarho ta ratsa saman gidan, ita wayar tarho wutarta kaɗan ce, wajen volt 48, sai in kira ya shigo take haurawa kusan 90, ba ta cika kisa ba amma fizgar da za ta yi wa mutum yana kan tsani ta isa ta jefo shi ƙasa. Yawancin wayoyin tarho na Zariya ma tun zamanin NITEL, tsohon kamfanin tarho na gwamnati, suka mutu.

To amma ka tabbata ta tarhon ce? A lungunan Tudun Wada da Sabon Gari wayoyi a cakuɗe suke, wata ta NEPA ce robarta ta zazzage, kuma matacciyar waya in ta haɗu da mai wuta can gaba ita ma sai ta ɗauka. Kar a ce ai an ɗauke wuta, ana iya dawo da ita kafinta yana riƙe da kwano. Tsanin katako busasshe za a sa, dogon kwano mutum biyu su ɗauke shi a kwance, in an yi ruwa a haƙura. In kuwa wayar ta kwanta kan rufin, ka je ofishin Kaduna Electric su zo su duba tukuna.