Tambaya da Amsa: Da gaske gonakin 'yan Hare Krishna ne ke riƙe su?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam, na ga wani bidiyo a YouTube na wasu mabiya addinin Hindu da ake ce wa 'yan Hare Krishna, wai suna da gonaki a Amurka da Turai suna huɗa da shanu, ba sa yanka saniya ko ta tsufa, kuma burinsu su daina dogaro da kasuwa kwata-kwata. Don Allah hakan yana yiwuwa kuwa, ko dai magana ce kawai?
Daga wata mai karatu.

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar'uwa. To mutanen da kika gani reshe ne na Vaishnava, wato ɓangaren Hindu masu bauta wa Vishnu ko Krishna, su kuma tafarkinsu ya taso ne daga yankin Bengal da ke gabashin Indiya a hannun wani malamin addini mai suna Chaitanya wanda aka haifa a 1486. Ƙungiyar tasu ISKCON sunanta, wani dattijo ɗan Indiya, Bhaktivedanta Swami Prabhupada, shi ya kafa ta a New York a 1966, kuma tun da wuri ya matsa wa almajiransa su nemi fili su koma ƙauye, su noma abin da za su ci, su rage buƙatu don su samu lokacin ibada. Hujjarsu tana cikin littafinsu mai tsarki Bhagavad Gita babi na 18, inda aka jera noma da kare shanu da fatauci a matsayin aikin wani rukuni na al'umma.

Gonar farko ita ce New Vrindaban a jihar West Virginia a 1968, sai Gita Nagari a Pennsylvania a 1974, akwai Bhaktivedanta Manor kusa da Landan wanda mawaƙi George Harrison na ƙungiyar mawaƙan Beatles ya ba su a 1973, sannan Krishna Valley a ƙauyen Somogyvámos na ƙasar Hangari da aka fara a 1993.

Noman hatsi da kayan lambu ba shi ne matsalar ba, tunda ba sa cin nama ko kifi ko ƙwai, abincinsu yawanci daga ƙasa yake fitowa sai madara. Inda gizo ke saƙar shi ne wajen shanun. Kin ga saniya ba ta ba da nono sai ta haihu, kuma kusan rabin abin da ake haifa maza ne, a gonar kasuwa da zarar nono ya ja baya sai a kai ta mahauta, maruƙa maza ma haka, da kuɗin naman ake cike giɓin. Su kuwa sun haramta wa kansu wannan ƙofar gaba ɗaya, ga shi saniya tana kai shekara 15 zuwa 20, don haka duk ɗan maraƙin da ya faɗo ƙasa ya zama nauyi a wuyansu na ciyawa da magani da rumfa da mai kula har ya mutu da kansa, a ƙasashen sanyi kuma sai an tara busasshiyar ciyawa ta watanni. Wasu gonakinsu na farko sun bar garke ya yi ta haihuwa saboda son madara, daga baya shanu suka fi ƙarfin masu kiwon, abin ya zo da wahala sosai ga mutane da dabbobin duka.

Daga nan suka koyi lissafi. Yanzu ba sa barin a yi barbara sai an san inda abin da za a haifa zai ci har ƙarshen ransa, sannan saniya ɗaya ana tatsar ta shekaru bayan haihuwa ɗaya ko da nonon ya ragu, maimakon a sa ta haihuwa duk shekara. Mazan kuma ana horar da su huɗa da jan amalanke, kuma ni a ganina nan ne gaba ɗaya tsarin yake tsayawa ko ya faɗi, domin sa in yana aiki ya biya abincinsa ya rage kuɗin tarakta da man dizal, kashinsa ya zama taki, in kuwa babu wanda ya iya sarrafa shi to zaman banza zai yi ana ciyar da shi. Samun matasan da za su jure wannan aikin shekara da shekaru ya fi samun fili wuya.

Amma batun ko gonar kaɗai ke riƙe su, gaskiya a'a, ba su kai can ba. Madararsu ta fi ta kanti tsada nesa ba kusa ba, masu saye don aƙida suke saye. Suna da tsarin da mutum zai ɗauki nauyin saniya ɗaya yana biya duk wata, ga gudummawar mabiyansu na birni, ga maziyarta da ke zuwa kallo suna cin abinci suna kwana. New Vrindaban ma har hayar haƙƙin haƙo iskar gas da ke ƙarƙashin filinsu suka bayar, abin da ya jawo muhawara a tsakaninsu. Ta Hangari ita ake yawan misali da ita wajen ci da kai, suna noma hatsi da kayan lambu da 'ya'yan itace, suna kiwon zuma, amma ita ma baƙi masu ziyara na daga cikin manyan hanyoyin shigar kuɗinta.