Ƙanena ya haɗa rimot ɗin injin CNC, in zuba masa rabin jarina?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗan kasuwa ne a Birnin Kebbi, shekara goma sha ɗaya ina sayar da kayan wutar lantarki. Ƙanena ya karanta fannin lantarki a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Waziri Umaru, ya yi shekara biyu a Kano yana aiki a shagon da ake sassaƙa ƙofofi da injin kwamfuta. Ya dawo gida da wani ɗan akwati da ya haɗa da hannunsa, wanda mai aiki ke riƙewa yana tuƙa injin ba sai ya koma gaban kwamfuta ba. Yana so in ba shi naira miliyan uku ya yi guda hamsin lokaci ɗaya, wai sarin kayan haɗi ya fi araha. Kuɗin kusan rabin jarina ne. In ba shi?

Amsa: Wa alaikumus salam Alhaji. Allah ya ƙara buɗi, ya kuma saka maka da alheri da ka tsaya ka saurari yaron. Kada ka ba shi miliyan ukun, kuma kada ka sallame shi hannu rabbana. Abin da ya haɗa abu ne mai amfani ƙwarai, na yarda da wannan. Abin da ban yarda da shi ba shi ne hamsin ɗin.

Bari mu fara da sanin mene ne kake shirin zuba kuɗi a kai, tun da ba ka sayen kayan da ba ka juya su a hannu ba. Injin CNC inji ne da kwamfuta ke ba umarni, yana yanka katako ko ƙarfe bisa zanen da aka ɗora masa. Amma kafin ya fara, dole mutum ya kawo bakin yankan daidai inda aikin zai soma, ya sauke shi a hankali har ya kusa taɓa katakon. A nan rimot ɗin hannu ke shigowa. Yana da faifan murzawa wanda a yawancinsu zagaye ɗaya ke da ƙyasti ɗari, da makunnin zaɓen hanya, X ko Y ko Z, wato gefe da gefe, gaba da baya, ko sama da ƙasa, da wani makunnin da ke faɗin nisan da kowane ƙyasti zai matsar da injin: milimita 0.001, ko 0.01, ko 0.1. Ka ga ke nan zagaye guda na iya tafiyar da inji milimita goma, ko kuma kashi ɗaya cikin goma na milimita kawai. Mai aiki yana sunkuye, idonsa a kan bakin yankan, hannunsa a kan faifan. Wanda ba shi da wannan sai ya riƙa kai da komowa tsakanin kwamfuta da teburin inji, kuma a wannan kai-komon ake karya baki, ake ɓata allon katako mai tsada. Saboda haka buƙatar gaskiya ce.

To amma wa zai saya? Wannan ita ce tambayar da ƙanenka bai amsa ba, kuma ita ce sana'arka kai. Ka sa shi ya ɗauki littafi da biro ya zagaya Birnin Kebbi, da Jega, da Argungu, da Yauri, ya haura Sakkwato da Gusau. Duk shagon da ke da irin wannan inji, na kafintoci ne, ko na masu yankan ƙarfen get da wutar plasma, ko na masu rubutun alluna, ya rubuta shi, ya kuma rubuta abin da ke tuƙa injin. Wannan na biyun ya fi na farkon muhimmanci, ga dalili. Injinan sassaƙar katako da yawa da ake shigowa da su daga Sin, irin masu tebur mai faɗin milimita 1300 da tsawon 2500 waɗanda ake ƙerawa a birnin Jinan, suna zuwa ne da nasu abin riƙewa, kamar RichAuto A11. Wannan ba rimot ba ne kawai, shi ne ƙwaƙwalwar injin gaba ɗaya, a jikinsa ake soka filashin zanen. Mai irin wannan ba ya buƙatar na ƙanenka. Manyan injinan masana'anta masu Fanuc na Japan ko Siemens na Jamus kuwa suna da nasu tsarin, masu su ba sa barin a jona musu abin da ba na kamfani ba. Waɗanda suka rage masa su ne injinan da ake tuƙawa da kwamfutar tebur mai manhajar Mach3 ko LinuxCNC, da ƙananan da ke aiki da manhajar GRBL. Kuma rimot ɗin da ya yi magana da ɗaya a cikinsu ba lallai ya yi magana da ɗayan ba. In ya dawo da littafin, ka ƙirga da kanka nawa ne suka dace da abin da ya haɗa. Wannan adadin shi ne kasuwarku, ba hamsin ɗin da ke kansa ba.

Yanzu lissafin da ka fi ni sani. Miliyan uku a raba hamsin, kowane ɗaya ya tashi naira dubu sittin, kuma ina da yaƙinin kuɗin kayan haɗi kawai ya ƙirga. Bai sa ladan aikinsa ba, bai sa kuɗin motar zuwa ɗaurawa ba, bai sa waɗanda za su lalace a dawo da su ba. A ce Allah ya taimaka ana sayar da biyu kowane wata. Wata ashirin da biyar ke nan kafin na ƙarshe ya bar kanta. A wannan tsakanin sau nawa miliyan ukun nan za su juya a shagonka, cikin waya da soket da ƙwan lantarki? Rangwamen sari da yake hange ba zai cike wannan giɓin ba. Ga kuma abin da ya fi damuna: da wuya a yi na'ura ta fito daidai a karon farko. In ya gano kuskure a zanen allon lantarkin bayan an buga hamsin, kuskure hamsin kuka saya.

Akwai hujja ɗaya a ɓangarensa da ya kamata a faɗa don adalci. Kusan duk kayan haɗin daga waje suke zuwa, da dala ake biya, kuma mun ga yadda aka yi bayan an saki naira a watan Yunin 2023: dalar da take wajen naira 460 a farashin gwamnati ta haura 1,500 a farkon 2024. Wanda ya sayi kaya kafin nan ya ci riba yana barci. Amma wannan hujja ce ta sayen kayan da tabbas za su fita. Kayan da ba a san mai sayensu ba, ko dala ta tashi ko ta sauka, a kanta suke kwana.

Kada kuma ku yi tunanin karya farashin 'yan Sin. Suna yin irin wannan rimot dubbai, har da marar waya, ana samunsu a kasuwar intanet ta AliExpress da arahar da ba za ku iya kamowa ba. Abin da ƙanenka yake da shi wanda ba su da shi shi ne ƙafarsa tana nan. In rimot ya mutu ranar Talata, ga odar ƙofofi ta biki a gaba, mai shago ba zai iya jiran kaya daga birnin Shenzhen na Sin ba, amma zai iya kiran yaron da zai iso kafin la'asar. Wannan kusancin shi ne hajar da za ku sayar, akwatin kuwa ƙofar shiga ce.

Ka ce masa ga abubuwan da mai ba da shawara ya ce a nuna maka kafin ka fitar da ko kwabo. Na farkonsu, kuma ba na sassautawa a kansa, shi ne jan maɓallin tsayar da inji na gaggawa. Ƙa'idar duniya mai lamba ISO 13850 ta ce ya zama ja a kan rawaya, in an danna ya maƙale har sai an sake shi da hannu, kuma sakinsa kaɗai ba zai tayar da injin ba. Dole ya bi tasa wayar daban, kai tsaye zuwa abin da ke yanke wutar motocin da ke juya injin, ba ta cikin manhaja ba, ba ta USB ba. A kuma haɗa shi ta yadda wuta ke bi ta cikinsa kullum, domin ko wayar ce ta tsinke injin ya tsaya da kansa. Ka gwada da idonka: inji na tafiya, a zare filogin rimot ɗin. In bai tsaya cak ba, ba a gama aiki ba. Na taɓa tsayawa a wani shago na ga kwamfuta ta daskare, inji na ci gaba da tafiya, yaro na ta danna maɓallin da ke bi ta cikin kwamfutar, babu abin da ya faru, sai da maigidan ya ruga ya kashe janareta. Allah ya kiyaye, katako kawai aka rasa. Tun ranar ban ƙara ɗaukar wannan magana da sauƙi ba. Saboda haka ma nake cewa ya bar batun marar waya tukuna, ko da masu saye sun fi sha'awarsa.

Da yawa masu farawa kan sa rimot ɗin ya yi shigar allon rubutu na kwamfuta, wato kwamfutar ta ɗauka maɓallan allo ake dannawa. Hanya ce mai sauƙi da araha, da ƙaramin allo irin Arduino Leonardo ko Raspberry Pi Pico an gama. Haɗarinta shi ne in saƙon "an saki maɓalli" ya ɓace a hanya, injin zai ci gaba da tafiya. Ka tambaye shi me ya tanada don wannan. Amsa mai kyau ita ce maɓallin gefe wanda sai an riƙe shi inji ke motsi, da tsarin da ke tsayar da tafiya in saƙo ya yanke.

Sai yanayinmu. Ƙurar katako da ta hunturu na shiga duk inda iska ta shiga, don haka akwati mai robar toshewa, irin mai lambar IP65, ba ado ba ne. In da injin buga abubuwa na roba ya yi akwatin, ya guji robar PLA, domin tana fara laushi a wajen digiri sittin, kuma ka san abin da rana ke yi wa kayan da aka bari a mota a Birnin Kebbi cikin Afrilu. PETG ko ABS sun fi jurewa. Injin plasma da na'urar da ke sarrafa gudun motar injin suna watsa hayaniyar lantarki da ke rikita saƙo a doguwar waya, sai an sa waya mai rigar ƙarfe an kuma jona rigar da wayar ƙasa, wato earth, yadda ya kamata. Kuma inda waya ta shiga akwati nan ne wurin da ya fi saurin mutuwa, domin kullum ana ja, ana lanƙwasawa. Ya sa filogi mai murɗawa da za a iya canja wayar ba tare da buɗe akwatin ba. Maganaɗisu a baya don a manna shi a jikin inji ƙaramin abu ne, amma shi ke hana shi faɗuwa ƙasa sau goma a rana.

Ga yadda nake ganin ku yi da kuɗin. Ka ware abin da zai yi guda biyar da kuɗin zirga-zirga, kamar dubu ɗari huɗu zuwa ɗari biyar, adadin da in ya tafi shagonka ba zai girgiza ba. Ya zaɓi manhaja ɗaya, wadda ta fi yawa a littafinsa, ya tsaya a kanta. Uku a ba shaguna uku su yi aiki da su wata uku, gara ma lokacin ya haɗa da hunturu, yana leƙa su yana rubuta duk abin da ya lalace da duk abin da masu aikin suka yi ƙorafi a kai. Su ne za su gaya masa faifan ya yi tauri, ko rubutun ya goge, ko da an rubuta maɓallan da Hausa ya fi. Bayan wata ukun a ce musu: ku saya ko mu ɗauke. Wanda ya hana a ɗauke, ya sa hannu a aljihu, shi ne shaidar da kake nema. Yabon baki ba a kai shi banki.

Daga nan sai a koma yin na oda. Mai so ya ba da kafin alƙalamin da zai sayi kayan haɗi, a yanka masa ranar karɓa, ya cika sauran in an ɗaura ya ga yana aiki. Malaman fiƙihu suna kiran wannan ciniki istisna'i, kuma shi kafintocin da za ku sayar wa suke yi da masu odar ƙofa, ba baƙon abu ba ne a wurinsu. Ina kuma kyautata zaton kuɗin da zai fara shigowa ba daga rimot zai zo ba, daga gyara zai zo. Yaron da ya iya haɗa wannan akwati ya iya gano abin da ya kashe inji, ya iya canja waya, ya saita manhaja, ya koya wa sabon ma'aikaci. Ya sa wa wannan aiki farashi tun ranar farko, kada ya mai da shi gyaran ciniki. Kai kuma ka ajiye 'yan kayan da zai riƙa buƙata a shagonka, makunnai da filogi da waya mai riga, ka ci ribarka a nan.

Abu na ƙarshe, Alhaji, tun da jini ɗaya kuke. Ku zauna gaban shaidu biyu ku rubuta ko kuɗin nan bashi ne, ko kyauta, ko jari. In jari ne na mudaraba, ku yanka rabon riba da kaso tun yanzu, kuma ka sani in an faɗi ba da sakacinsa ba, asarar kuɗin taka ce, shi wahalarsa ya rasa. Ku rubuta wa ke da zanen, wa ke riƙe da asusun, da ranar da za a zauna a duba littafi. Rajistar sunan kasuwanci a CAC, hukumar rajistar kamfanoni, ta jira har an sayar da na farkon. In ya dawo daga zagayen, ka aiko mini da adadin shagunan da irin manhajar kowane ɗaya, mu zauna mu yanka farashin guda biyar ɗin.