Ɗana ya yi WAEC a Katsina, zai samu shiga jami'a a Damagaram?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ɗana ya yi sakandare a Katsina wajen kawunsa, ya ci WAEC. Ya dawo gida yana son shiga Jami'ar André Salifou, amma an ce masa sai da bak, wato takardar jarrabawar kammala sakandare ta Nijar. Shekarunsa shida sun tafi a banza ke nan?
Wata uwa, unguwar Birni

Amsa: Wa'alaikumus salam, Hajiya. Ki kwantar da hankalinki, ba su tafi a banza ba. Wanda ya zo da takardar wata ƙasa yana neman a daidaita masa ita da bak, kuma hukumar OBEECS a Yamai, wadda ke shirya bak ɗin, ita ke duba takardar ta yanke hukunci. Kada ya jira sai an buɗe rajistar jami'a, ya kai dosiyensa tun yanzu.

Ya fara duba sakamakonsa. A WAEC, daga A1 zuwa C6 ne ake kira kiredit. D7 da E8 tsira ne kawai, F9 faɗuwa. Ko a Najeriya sai da kiredit 5, har da Turanci da lissafi, ake shiga jami'a. Ya karɓo asalin satifiket daga makarantarsa, kada ya dogara da takardar da ake bugowa daga intanet. Ya haɗa da takardar haihuwa da ta zama ɗan ƙasa, a buga wa kofensu hatimi a ma'aikatar magajin gari.

Inda dosiye ya fi maƙalewa shi ne suna. Misali, a Katsina an rubuta Muhammad Abubakar, a takardar haihuwarsa ta nan kuma Mahamane Aboubacar. Wani lokacin har ranar haihuwa ta bambanta, domin an rage masa shekara wajen rajistar jarrabawa. Mai dubawa mutum biyu yake gani. Yau ɗin nan ki shimfiɗa takardun a kan tabarma, ku bi su harafi-harafi. In akwai saɓani, a nemi takardar kotu mai shaida cewa mutum ɗaya ne.

Sai Faransanci, kuma wannan ya fi damun mu. Malami zai yi ta bayani da Faransanci, ɗalibi yana rubutawa da sauri, jarrabawa ma haka. Lisans, wato digirin farko, shekara 3 ce, zango 6, kiredit 30 kowane zango (ma'aunin darussan jami'a, ba na WAEC ba), 180 gaba ɗaya; wanda ya zubar da zangon farko saboda harshe zai daɗe yana jan bashin darussa. A ganinmu ya ba Faransanci watanni, kullum, da rubutun shifta, kafin ya zauna a aji. Turancinsa kuwa jari ne: littattafan kimiyya da kwamfuta da yawa cikinsa suke.

Tallafin karatu daban yake, a hukumar ANAB ake nemansa, samun gurbi ba ya kawo shi.

In daidaitawar ba ta yiwu ba, ya yi rajistar bak a matsayin ɗan takara mai zaman kansa, ya zaɓi sashen D in ya fi ƙarfi a lissafi da kimiyya.