Motar haya marar direba: wa zan ce wa ya rage sanyi?

Tambaya: Idan na shiga motar haya mai tuƙa kanta, wa zan yi wa magana in sanyin na'ura ya yi yawa, ko ina son sauka kafin mu isa? Kuma yaya za ta san abin da nake so alhali ba tawa ba ce?

Amsa: Ka taɓo inda aikin ya fi wuya. Ai direba ba tuƙi kaɗai yake yi ba. Shi ke tabbatar maka motarka ce wannan, shi ke faɗa maka dalilin tsayawa. Da aka cire shi, duk wannan nauyi ya koma kan allo da murya.

Kamfanin Waymo, wanda ya buɗe wa jama'a irin wannan sufuri a birnin Phoenix na Amurka a 2020, yana haska haruffan farko na sunanka a saman motar don kada ka shiga ta wani. A ciki, motar ba za ta motsa ba sai ka danna madannin fara tafiya. A allon nan kake rage sanyi, ka zaɓi kiɗa, ka nemi a tsaya a gefen titi, ko ka kira ma'aikaci. Abin da na fi daraja shi ne zanen abin da motar ke gani. Ta taka birki, gabanka ya faɗi, ka duba allo ka ga ashe mai keke ne ke tsallakawa, sai hankalinka ya kwanta.

Zaɓinka kuwa ba a motar yake zaune ba, yana cikin asusunka na manhaja, yana shiga tare da kai.

Matsalar tana tasowa ne in baƙi sun haɗu. Motar Zoox, mallakar Amazon, ba ta da sitiyari, kujeru huɗu ne suna fuskantar juna. A irin wannan zama dole a raba iko: iska da haske kowa da nasa, amma hanya da kiɗan lasifika ba na mutum ɗaya ba ne. Ni dai ban yarda a nuna adireshin mace a allon da baƙon da ke gabanta yake kallo ba, kuma da zarar ta sauka ya kamata allon ya manta da ita gaba ɗaya.

Sannan allo mai santsi bai gaya wa makaho komai. Madannin neman taimako ya zama wanda yatsa zai laluba ya ji, murya kuma ta faɗa masa ta wane ɓangare ƙofa za ta buɗe.