Amsa ga ɗalibina a kan sukarin jini da matsin ido

Ɗana, jiya muna shirin tashi daga aiki ka tambaye ni game da dattijuwar nan mai ciwon suga, wadda aka auna sukarinta da safe aka samu ya haura 300 a ma'aunin mg/dL, wato ya hau sosai, amma da ka auna matsin idonta sai ka samu 16 a dama, 17 a hagu. Ka ce a zatonka duk lokacin da sukari ya hau matsin ido ma zai bi shi, har kana shakkar ko na'urarmu ce ta samu matsala. Na'urar lafiyarta ƙalau, kuma awon da ka yi daidai ne. Na ƙi amsa maka a tsaye ne domin tambayar ta fi ƙarfin maganar bakin ƙofa.

Sunan da jama'a suke kiran cutar gilakoma da shi, wato hawan jinin ido, shi ne yake fara rikita mai koyo. Abin da muke aunawa ba jini ba ne, matsin wani ruwa ne garai-garai da ido yake samarwa a bayan baƙin ido, kimanin maikirolita 2 zuwa 3 a kowane minti, ya bi ta ɗan ido ya shigo gaba, sannan ya fita ta wata 'yar rariya da ke kusurwar da baƙin ido ya haɗu da gilashin gaban ido. Matuƙar abin da yake shiga ya yi daidai da abin da yake fita, matsin yana tsayawa tsakanin 10 da 21 a ma'aunin milimita na makyuri. Ko a idon mai lafiya yakan motsa da maki uku zuwa biyar a yini, kuma galibi ya fi yawa da safe, shi ya sa nake matsa maka ka riƙa rubuta lokacin da ka yi awo.

Sukarin yau ba ya toshe wannan rariya yau. Abin da yake yi mata aiki ne na shekaru: idan sukari ya daɗe yana sama, wasu sinadarai suna taruwa a cikin ramukanta, ta yi tauri, ruwa ya riƙa fita da ƙyar. Saboda haka idan aka haɗa masu ciwon suga da yawa aka kwatanta su da waɗanda ba su da shi, matsin idonsu yakan ɗan ɗara, amma da ɗan abin da ba za ka iya gane shi a kan mutum guda ba. Haɗarin kamuwa da gilakoma ma ya fi yawa a wurinsu, kusan ninki ɗaya da rabi. Don haka awon da ya fi yi maka amfani shi ne HbA1c, wanda yake nuna yadda sukari ya kasance cikin wata biyu zuwa uku da suka wuce, tare da sanin shekarun da mutum ya yi da ciwon. Ga mafi yawan manya ana so kada ya wuce kashi 7 cikin ɗari.

Wani lokaci ma abin yakan juye. Idan sukari ya yi mummunan hawa har jiki ya bushe, jini yana janye ruwa daga cikin ido, sai ka taɓa idon ka ji shi da laushi, kuma likitocin zamanin da suna lissafa wannan cikin alamomin wanda suga ya sumar. Da irin wannan dabarar muke sauke matsi cikin gaggawa idan muka ba da manitol ta jijiya ko gilisarin ta baki, sai dai gilisarin jiki yana mayar da shi sukari, don haka ba a ba mai ciwon suga.

Akwai kuma abin da yake yaudarar na'urar kanta. Hans Goldmann, likitan ido na ƙasar Suwizalan da ya ƙera ma'aunin da muke amfani da shi a shekarun 1950, ya gina lissafinsa a kan cewa kaurin gilashin gaban ido kimanin rabin milimita ne. Na masu ciwon suga yakan ɗan fi kauri, kuma gilashi mai kauri yana sa na'ura ta faɗi fiye da gaskiya. Idan ka samu 23 a irin wannan ido, ka auna kaurin kafin ka tayar wa mutum da hankali. Haka nan idan ya ce maka ganinsa ya yi hazo a makon da sukarinsa ya hau, yawanci madubin cikin ido ne ya sha ruwa ya kumbura. Ka bari sukari ya daidaita na wasu makonni kafin ka rubuta masa tabarau, in ba haka ba zai dawo maka da shi.

Abin da yake hana ni barci a wannan aiki shi ne gilakomar sababbin jijiyoyi. Suga yana lalata ƙananan hanyoyin jinin da ke ciyar da tantanin bayan ido, inda hoto yake sauka. Idan tantanin ya rasa isasshen jini sai ya saki wani sinadari mai suna VEGF, wanda yake sa sababbin jijiyoyi su tsiro, kuma wannan sinadari yana malalowa har gaban ido, jijiyoyin su fito a kan baƙin ido, su shiga kusurwa, su rufe rariyar da wata yana wadda daga baya take tsukewa ta liƙe kusurwar gaba ɗaya. A nan matsi yana iya kai 50 ko 60, ido ya yi ja, ciwon ya kai mutum ga amai, gani kuma ya tafi cikin ɗan lokaci. Kafin a kai nan, jijiyoyin suna bayyana sirara a gefen ɗan ido alhali matsi yana nan daidai, kuma da zarar ka ɗiga maganin buɗe ido sai su ɓuya. Na taɓa yin wannan kuskure ina sabon shiga: na ga 18, na gamsu, na ɗiga magani ban duba ba, mutumin ya dawo bayan wata biyu da idon da ba mu iya ceto ba. Idan aka gan su da wuri, hasken leza a tantanin bayan ido da allurar da take daƙile VEGF suna iya sa su janye.

Magungunanmu ma suna da hannu. Sitiroyid da ake sakawa cikin ido saboda kumburin tsakiyar tantani yana ɗaga matsi a wurin kusan mutum ɗaya cikin uku, don haka duk wanda aka yi wa sai an ci gaba da auna shi. Timolol kuma, maganin sauke matsin ido, ko da yake ɗigo ne, yana shiga jini ya ɓoye bugun zuciya da rawar jikin da suke gargaɗin mai allurar insulin cewa sukarinsa ya faɗi.

Dattijuwar ta ce shekararta goma sha biyu da ciwon, kuma ba a taɓa duba mata bayan ido ba, alhali mai ciwon suga nau'i na biyu ya kamata a duba shi tun ranar da aka gano ciwon, sannan duk shekara. Za ta dawo ranar Talata da sakamakon HbA1c. Kai za ka zaunar da ita, ka duba gefen ɗan idonta da kusurwar kafin a ɗiga mata komai, sannan mu buɗe idon mu ga jijiyar gani da tantanin tare.